Kafin ka kwashe ajiyarka zuwa DEX

Wani matashi mai shagon kayan waya a kusa da Tsohuwar Kasuwa, nan cikin Sakkwato, ya aiko mini da tambaya. Ya ce yana da 'yar ajiyar USDT (kuɗin kirifto da ƙimarsa ke bin dalar Amurka) ta wajen dala 400 a manhajar wani kamfanin canjin kirifto, abokinsa kuma ya dame shi da ya kwashe ya koma DEX, wato kasuwar canjin kirifto da ba kamfanin da ke riƙe kuɗin mutane, wai can "ba mai iya ruhe maka kuɗɗinka". Yana son ya san amfanin abin da illarsa kafin ya taɓa komai.

Ƙanena, abokinka bai yi maka ƙarya ba, sai dai rabin labarin ya ba ka. Bari in fara da yadda abin yake, don kusan duk amfaninsa da illarsa daga tushe ɗaya suka fito.

Mahaifina, Allah ya jiƙan shi, canjin sefa da naira ya yi a Illela shekara da shekaru. 'Yan kasuwar Ƙonni kan bar masa kuɗi su kwana, wani lokaci har mako, shi kuma ya rubuta a wani littafi mai baƙin bango: wane yana da kaza. Kuɗin na cikin akwatinsa, abin da mai kuɗi ya tafi da shi gida amana ce kawai da layi ɗaya a littafi. To haka kamfanin canjin kirifto yake, ko Binance ne ko Bybit ko Quidax. Dala 400 ɗin da kake gani a fuskar wayarka layi ne a littafinsu, mabuɗin akwatin yana hannunsu. DEX kuwa kasuwa ce da aka cire mai akwatin. Abin da ke wurin manhaja ce da aka dasa a kan bulokcen (littafin ciniki na bai ɗaya da kwamfutoci da yawa ke riƙe da shi, ana kuma ce masa sarƙa), wadda ke aiki da kanta bisa ƙa'idar da aka rubuta mata. Kuɗinka na zaune a walet ɗinka, wato manhajar ajiya da mabuɗinta ke hannunka, Trust Wallet ko MetaMask ko makamancinsu. Idan za ka yi canji sai ka haɗa walet ɗin, ka sa hannu, tokin ɗinka, wato nau'in kuɗin kirifton da kake riƙe da shi, ya fita wani ya shigo a lokaci guda. Ko dai duka biyun su auku, ko kada ko ɗaya ya auku. Hannu da hannu ke nan na gaske.

Wadda ta fi shahara ita ce Uniswap, wadda Hayden Adams ya ƙaddamar a kan sarƙar Ethereum a watan Nuwamban 2018. PancakeSwap ta biyo baya a 2020 a kan sarƙar BNB, ita ce mutanenmu suka fi sabawa da ita saboda araha. A Solana akwai Raydium da Jupiter. Waɗanda suka yi ta dannar Notcoin da Hamster a 2024 kuma da yawa sun ci karo da STON.fi a kan TON ba tare da sun san DEX suka shiga ba.

Babban amfanin, wanda ba na musu a kansa ko kaɗan, shi ne ba wanda ke riƙe maka dukiya. Mai ajiya na iya karyewa, na iya cin amana, ɓarawo na iya fasa masa, hukuma na iya rufe masa shago, kuma duk an ga waɗannan. A 2014 kamfanin Mt. Gox na Japan ya durƙushe da wajen bitcoin 850,000, masu kuɗi suka yi shekara goma suna jira kafin a fara biyansu. A Nuwamban 2022 FTX, wanda ake ganin ba abin da zai girgiza shi, ya ruguje cikin 'yan kwanaki da giɓin wajen dala biliyan 8 na kuɗin jama'a. Mai kamfanin, Sam Bankman-Fried, yana zaman shekara 25 a gidan yari a Amurka. A makon da FTX ya rufe ƙofa, Uniswap ba ta tsaya ko na minti ɗaya ba, kuma wanda kuɗinsa ke walet ɗinsa ya yi barci lafiya.

Mu a nan ma mun ɗanɗana namu. A Fabrairun 2021 Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna su rufe asusun masu harkar kirifto, ba a janye umarnin ba sai Disamban 2023. A Fabrairun 2024 aka toshe shafukan wasu manyan kamfanonin canji, aka tsare jami'an Binance biyu a Abuja, a watan Maris kamfanin ya daina hulɗa da naira gaba ɗaya. Kuɗin mutane bai salwanta ba, amma ƙofar da suka saba bi ta rufe dare ɗaya. Daga irin wannan ne maganar abokinka ta samo asali.

Sauran amfanin ba su da tsawo. Ba mai tambayar ka NIN ko BVN, ba a cewa ka juya fuska dama da hagu gaban kyamara. Ba iyakar abin da za ka cire a rana. Sabon tokin yakan fara bayyana a DEX tun kafin ya "fashe" a manyan kamfanoni, in ji yaran yanzu. Kuma komai a fili yake, duk mai so zai iya duba nawa ne a cikin kasuwar.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, kuma shi ne abin da masu kwaɗaitar da mutane ba sa faɗa: DEX ba ta san naira ba. Tokin ake canzawa da tokin. Ba za ka tura naira daga asusun bankinka ka sami USDT a Uniswap ba, ba kuma za ka sayar da USDT naira ta faɗo maka a banki ba. Kai kuwa caja da gilashin waya kake sarowa, mai ba ka kaya a Kano naira yake jira. Ranar da ka buƙaci kuɗinka, dole ka koma wurin mutum: ko kasuwar P2P ta wani kamfani, inda mutum ke saye kai tsaye daga mutum, ko wani ɗan canji da ka sani. Kuma a wannan gaɓar ce akasarin masifar mutanenmu take faruwa, alat na ƙarya, ko kuɗin da aka damfaro daga wani aka turo maka har banki ya daskarar da asusunka. DEX ba ta yi maganin ko ɗaya daga ciki ba. Idan buƙatarka ajiya ce kawai, walet kake bukata, shi kuma walet daban, DEX daban. Mutum na iya riƙe USDT a walet ɗinsa shekara biyar bai taɓa leƙa DEX ba. Wannan ruɗanin na haɗa biyun shi na fi gani a wurin masu zuwa neman shawara.

Sai maganar farashi. A nan zan ɗan daɗe, don wanda bai gane shi ba zai yi ta asara yana zaton tsautsayi ne. A kamfani akwai mai saye da mai sayarwa, ana haɗa su. A mafi yawan DEX babu wannan, rumbu ne mai ɗaki biyu. Ɗauki misali da hatsi: ɗaki ɗaya buhun gero 100, ɗayan buhun wake 100. Dokar rumbun guda ce, idan aka ninka adadin wannan ɗaki da na wancan, dole sakamakon ya tsaya yadda yake, wato 10,000. Ka zo da wake buhu 25 kana son gero. Wake ya zama 125, don haka dole gero ya koma 80, tunda 125 sau 80 ne ke ba da 10,000. Ka kawo 25, ka tafi da 20. Da buhu 100 ka kawo, 50 kacal za ka samu. Ba wanda ya cuce ka, lissafin ne haka: iya girman cinikinka a kan abin da ke rumbun, iya tsadar da kake jawo wa kanka. Amma da a ce kowane ɗaki buhu 10,000 ne, 25 ɗinka zai dawo maka da kusan 24.9. Shi ya sa canjin ETH (kuɗin sarƙar Ethereum) da USDT a babban rumbu ba ya ciwo, sabon tokin da aka zuba wa 'yan daloli kuwa kana saye farashi na tashi, ka ga riba a fuskar waya, ranar sayarwa ka tarar rumbun ba zai iya biyan ka ba. Mahaifina yakan ce, "Kuɗɗin da ba ka ƙilga ba, ba naka na ba." A kan wannan akwai ladan kasuwa, kashi 0.3 cikin ɗari a tsohon tsarin Uniswap, 0.25 a PancakeSwap.

Tunda farashi na iya zamewa tsakanin lokacin da ka danna da lokacin da ciniki ya faɗa, manhajar na ba ka wurin rubuta iyakar zamewar da ka yarda da ita. A nan wasu na'urori ke fakon mutane. A Ethereum da irinta, ciniki kan ɗan jira a bainar jama'a kafin a shigar da shi. Na'urar ta hango naka, ta riga ka saye ta ɗaga farashin, naka ya shiga da tsada, ta sayar nan take a bayanka. Ka taɓa ganin ɗan kamasho a Kara ya ji Alhaji ya ƙyalla ido a kan wani sa, ya zagaya ya riga shi taya shi? To shi ne, sai dai wannan cikin daƙiƙa yake yi kuma ba ya gajiya. Duk wanda ya ce maka ka sa zamewa kashi 15 ko 20 don ciniki ya wuce, ya ce maka ne ka bar ƙofar shago a buɗe ka tafi masallaci.

Kuɗin gas, wato ladan da sarƙa ke karɓa kafin ta shigar da ciniki, ma abin lura ne. Kowace sarƙa da kuɗin da take karɓa: ETH a Ethereum, BNB a sarƙar BNB, TRX a Tron, SOL a Solana. Sau da yawa nakan ga mutum da USDT cike da walet amma ya kasa motsa ko dala ɗaya, don ba shi da ɗan BNB ko TRX na gas, kamar mai buhu a tasha ba kuɗin dako. A 2021 canji ɗaya a Ethereum kan ci gomman daloli idan hanya ta cushe. Yanzu abin ya yi sauƙi, musamman a Arbitrum da Base, sarƙoƙin da aka gina a kan Ethereum, tun gyaran da aka yi wa Ethereum a Maris 2024. Amma ka sani, ko ciniki bai yi ba, gas ɗin da aka ƙona ba ya dawowa.

Rashin mai gadi da ya hana a tambaye ka NIN, shi ne kuma ya hana a tambayi ɓarawo. Kowa na iya ƙirƙirar tokin cikin 'yan mintuna, ya raɗa masa sunan da ya ga dama, har USDT, ya manna masa tambari iri ɗaya, ya buɗe masa rumbu. Ni kaina na ƙone a wannan, kuma a lokacin ina koyar da wasu. Wani dare ne cikin zafin bazara, ba wuta, ina kwance a tsakar gida da waya a hannu. A wani zauren hira aka yi ta yayata wani sabon tokin, na duba na ga jerin ciniki kore shar, alamar saye, ba ja ko ɗaya, alamar sayarwa. Na zuba abin da ya kai kuɗin buhun shinkafa. Kafin asuba ya ninka uku. Da safe na danna sayarwa, ya ƙi. Na ƙara zamewa, ya ƙi, kowane gwaji da gas ɗinsa. Sai da na buɗe rubutun manhajar tokin na ga an tsara shi ne yadda mai shi kaɗai ke iya sayarwa. Rashin jan da ya burge ni, ashe alama ce ta cewa ba wanda ya taɓa fita. Bayan kwana biyu aka kwashe rumbun. Wa zan kai ƙara? Adireshi ne kawai na haruffa da lambobi, ba suna ba unguwa.

Tun daga ranar ba na neman tokin da sunansa. Adireshin manhajarsa nake kwafowa daga shafin masu shi na asali ko daga CoinGecko, shafin da ke jera bayanan tokin, sannan in sayi kaɗan, in gwada sayarwa kafin in ƙara.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan zafi. Kafin DEX ta canza maka tokin, sai ka ba ta izinin taɓa shi, kuma sau da yawa izinin ba shi da iyaka. Idan shafin na gaske ne, da sauƙi. Idan na bogi ne da aka kwaikwaya, harafi ɗaya ya bambanta a adireshin, to ka sa hannu ne a takardar da ta ce a kwashe duk abin da ke ɗakin. Ana iya soke tsofaffin izini a shafi irin Revoke.cash, kuma yana da kyau a riƙa yi. Kalmomi 12 ɗin da walet ya ba ka ranar buɗewa kuwa, su ne dukiyar kanta. Ba wata DEX ta gaskiya da ke tambayar su. Duk wanda ya bayyana a saƙo ya ce shi ma'aikacin taimako ne, ka turo su ya gyara maka, ɓarawo ne, ba sai ka yi istihara ba. Idan ka manta lambar sirrinka a kamfani, da imel da katin shaida za a buɗe maka. A nan ba mai buɗewa. Ka tura kuɗi adireshin da ba shi ba, sun tafi. A yi wa kamfanoni adalci ma: a Fabrairun 2025 an sace wa Bybit wajen dala biliyan ɗaya da rabi, amma ya cike giɓin, masu ajiya suka ci gaba da cire kuɗinsu. Da daga walet ɗin mutum aka sata, ba mai cike masa.

Manhajar kanta mutum ne ya rubuta ta, tana iya zuwa da kuskure. A Yulin 2023 an kwashe miliyoyin daloli daga wasu rumbunan Curve, wadda tana cikin tsofaffin da aka amince da su. Mafi haɗari su ne gadojin da ake bi a tsallaka da tokin daga sarƙa zuwa sarƙa: Wormhole ta yi asarar sama da dala miliyan 300 a Fabrairun 2022, Ronin sama da miliyan 600 wata guda bayan nan.

Maganar "ba mai iya rufewa" ma da ɗan gyara. USDT kamfanin Tether ne ke fitar da shi, yana da ikon daskarar da shi a kowane adireshi, kuma yana yi idan hukumomi suka nema. Sannan idan ba sabis, ba kasuwa. Mutanen ƙananan hukumomi 14 na jihar nan da aka katse wa layukan waya a Satumban 2021 sun san wannan fiye da ni.

Abu biyu kuma da ba za ka ji a bidiyon Turawa ba, amma mu sun shafe mu kai tsaye. Na farko, bulokcen ba ta ɓoye komai. Sunanka ba ya ciki, amma duk wanda ka taɓa ba adireshinka zai iya duba nawa ke ciki da duk inda ka tura. Da halin tsaron da muke ciki, ba ƙaramin abu ba ne mutum ya san kana yawo da dukiya a aljihu wadda za a iya tilasta maka turawa cikin minti ɗaya, ba iyaka, ba dawowa. Shi ya sa nake raba walet biyu, na ciniki a waya da ɗan abin da ke ciki, na ajiya kuma ba ya tare da ni, ba na kuma haɗa shi da kowane shafi. Na biyu, gado. Da mahaifina ya rasu, littafin nan mai baƙin bango aka buɗe gaban shaidu, kowa ya karɓi nasa. Banki ma, duk da wahalar takardu, magada na samu. Amma wanda ya rasu da kalmomi 12 a kansa shi kaɗai, haƙƙin marayu da na masu bin bashi ya tafi ke nan, suna iya ganin kuɗin a fuskar kwamfuta ba su da ikon taɓawa. Ko alƙali ya yi hukunci, ba wanda zai aika wa sammaci. Ban ga dalilin da Musulmi zai buɗe walet bai yi tanadin wannan ba.

Wataƙila nan gaba abokin naka ya ce ka zuba kuɗi a rumbu ka riƙa cin lada. Koma kan misalinmu. Ka zuba gero 100 da wake 100, sai gero ya yi tsada har buhu ɗaya ya kai wake 4. Masu ciniki za su yi ta ɗibar gero suna zuba wake har rumbun ya koma gero 50, wake 200. A ƙimar wake, kana da 400. Da a ɗakinka ka bar su, 500 kake da shi. Ka rasa kashi 20 cikin ɗari, sai fa in ladan da ka tara ya rufe. Idan ninki biyu farashin ya yi, ragin wajen kashi 5.7 ne. Su kuma DEX masu ba da bashi a ninka ciniki sau goma ko ashirin, ka nisance su. Ko ba don saɓanin malamai a kan kirifto ba, wannan ɓangaren akwai kuɗin ruwa a ciki kuma ya fi kama da caca, a nan ne na ga samari sun fi ƙonewa.

A ɓangaren doka, dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin dijital ƙarƙashin hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, wadda tun Agustan 2024 ta ba Quidax da Busha amincewar farko. Wannan bai zama garanti ba, amma akwai ofis, akwai wanda za a kira. Ka kuma yi hattara da masu ɗaukar kalmomin kirifto su lulluɓe tsohuwar damfara. CBEX da ta ruguje da kuɗin jama'a a Afrilun 2025 ba canji take yi ba, alkawarin ninka kuɗi ta yi, irin na MMM a 2016. DEX ta gaske ba ta alkawarin riba, ba ta cewa ka kawo mutum uku.

Game da dala 400 ɗinka, ga abin da zan yi da ni ne. Abin da zan buƙata na saro kaya cikin wata ɗaya ko biyu, zan bar shi inda zan iya mayar da shi naira ba wahala. Sauran, in har ajiya ce ta gaske, in buɗe walet, in rubuta kalmomin da biro a takarda biyu, ban da hoton fuskar waya, ban da tura wa kai a WhatsApp. Sai in tura dala 10 kawai tare da ɗan gas, in tabbatar sarƙar da na zaɓa a wurin turawa ita ce ta wurin karɓa, don USDT na Tron da na BNB ba hanyarsu ɗaya ba. Daga nan in goge manhajar gaba ɗaya, in sake ɗora ta, in dawo da walet ɗin daga takardar. Idan dala 10 ɗin ta bayyana, rubutun ya yi daidai, sai a tura sauran. In kana son koyon DEX, da wannan dala 10 ɗin za ka koya: canza ta zuwa BNB a PancakeSwap, ka dawo da ita, ka lissafa nawa ta ragu. Takarda ta biyu kuma ka rufe ta a ambulan, ka gaya wa mutum ɗaya da ka yarda da shi a gida inda take da abin da za a yi da ita.